Sitiyari na rawa in an taka birki: yadda muka bi sawun ciwon wata ML350 a Legas

Motar ta shigo gareji a Agege ranar Litinin da hantsi, cikin watan Yuni, damina ta kankama. Mercedes ce ML350 ƙirar 2013, tokumbo daga Amurka, ta wani Alhaji ɗan canji da ke zaune a Lekki. Direbansa ne ya kawo ta da ƙorafi uku. In ana gudun ɗari a kan gadar Third Mainland aka taka birki, sitiyari sai ya kama rawa a hannu. In an daɗe cikin gosulo, feda ta yi laushi, sai an nutsa ƙafa kafin ta kama. Sannan wasu ranaku da safe fitilar ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, takan kunnu, can kuma ta mutu da kanta. Cikin wata takwas an canza mata fad ɗin birkin gaba, abin gogawar da ke tsayar da mota, sau biyu, diski, faifan ƙarfen da fad ke matsewa, sau ɗaya, a gareji daban-daban. Kowane karo takan yi lafiya sati uku zuwa huɗu, ciwon ya dawo.

"Oga, Alhaji ya ce a ɗaura sabon diski kawai, gobe yake son motarsa," in ji direban.

Na ce ya gaya wa Alhaji ko noti ba zan saya ba sai na auna. Motar da ta cinye diski cikin wata huɗu akwai abin da ke ci mata shi, in ba a gano shi ba na uku ma haka zai bi.

Gwajin farko a kan titi ake yin sa, ba a kan jak ba. Muka hau babban titin Legas zuwa Ibadan, muka wuce Berger har Kara muka juyo. Abin da nake saurare shi ne inda rawar ke fitowa da lokacin da take zuwa. Mota in tana rawa a gudun 100 ko 110 ba a taɓa birki ba, ka bar zancen birki, balans ɗin taya ne ko rim ya lanƙwashe a rami. In sai an taka take yi, kuma a sitiyari kake ji, ciwon na gaba. In a kujera da feda ka fi ji, sitiyari shiru, ka duba baya. Ta wannan a sitiyari take, tana farawa daga kamar 90, ta fi muni in an taka a hankali, ta ɗan lafa in an danna da ƙarfi. Kuma ko an saki birki motar tana ɗan karkata hagu.

Muna fakawa na ɗauko ma'aunin zafin nan mai kamar bindiga na haska diskin gaba biyu kafin su huce. Na dama digiri 95, na hagu 210. Ƙafafu biyu da suka yi aiki ɗaya a titi ɗaya bai kamata su bambanta da fiye da ashirin ko talatin ba. Wanda ba shi da ma'auni zai iya kai bayan hannunsa kusa da rim ya ji hucin, amma kada ya taɓa diski, yatsa zai bari a wurin. Daga nan na san hagu na riƙe, saura a san me ke riƙe ta.

Mutane na raina zafin da birki ke haɗiya. Birki ba abin da yake yi illa ya mai da gudu zafi. ML da direba da mai a tanki ta kai kilo 2,200. Tsayar da ita sau ɗaya daga gudun kilomita 100 yana fitar da zafin da zai kai ruwan famfo sama da lita biyu da rabi ga tafasa, cikin daƙiƙu kaɗan, mafi yawansa a diskin gaba. In ka ninka gudu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa kayan da ƙaramar mota za ta yi shekara da su ba ta yi ƙorafi ba, babbar jif takan tona musu asiri cikin wata guda.

Da muka ɗaga ta, tun a kwance taya aka samu laifi na farko. Bolt biyar ne a kowace taya, kai mai lamba 17. Biyu na hagu sai da yaro ya zura bututu a sifana ya hau kai suka motsa, ɗaya kuwa da hannu ɗaya ya kwance. Aikin mai faci ne da injin iska, ko mai tsalle a kan sifana. Bolt ɗin wannan motar a ma'aunin ƙarfin ɗauri Nm 150 ake ɗaure su, dukkansu daidai. In wani ya haura nesa wani bai kai ba, ana matse diski ne a karkace a jikin hob, wato cibiyar da diski da taya ke zama a kai.

Na juya ƙafar dama da hannu, ta zagaya sumul. Ta hagu sai da hannu biyu, tana saki tana kamawa. Abu uku ke kawo haka: fistin ya maƙale cikin kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin diski), tiyon birki ya ruɓe daga ciki ya koma ƙofar da mai ke shiga ba ya fita, ko fil ɗin da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe. Rarrabe su ba wuya. A taka birki sau biyar a saki, sannan a ɗan sassauta nifil, wato ɗan notin fitar da iska da ke jikin kalifa. In mai ya yi tsartuwa ƙafar ta saki nan take, mai ne ya maƙale, tiyo ake zargi. Na buɗe, mai ya ɗan ɗigo, ƙafar ba ta saki ba. Tiyo ya fita daga zargi.

Fil biyu ne. Na sama ya fito da yatsa. Na ƙasa sai da muka kama shi da filaya muna murzawa muna ja. Robar da ke rufe bakinsa ta yage, ruwa ya shiga, tsatsa ta yi masa zobe. Ga kuma baƙin giris irin na boris da wani ya cusa a ciki. Wannan giris ɗin daga man fetur aka yi shi, roba in ta sha shi kumbura take yi, ta shaƙe fil ɗin da aka ce a saka masa giris don ya zame. An je gyara an ɓata. Giris ɗin fil na silikon ne, fari ko mai haske, a ɗan bututu ake sayar da shi.

Fad ɗin ya ba da shaida. Na hagu ya ci a karkace kamar bakin gatari, gefe ɗaya saura milimita 3, ɗayan 7. Na dama 8 ne ko'ina. Direban ya ce ai dashbod bai taɓa nuna fad ya ƙare ba. Ba zai nuna ba. 'Yar wayar da ke kunna wannan gargaɗin ba a kowace ƙafa take ba, a gaba ta dama ce ke ɗauke da ita. Hagu za ta iya ci har ƙarfe ya haɗu da ƙarfe mota ba ta ce uffan ba. Masu manyan motoci da yawa sun sakankance cewa kwamfuta za ta gaya musu komai, alhali abin da aka maƙala wa waya kaɗai take gani.

Amma fil ɗaya bai isa ya bayyana rawar sitiyari ba, don diskin dama ma da na shafa shi na ji ba daidai yake ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Nan ne aikin awo ya shigo, kuma shi ne abin da garejin baya duk suka tsallake.

Awo biyu ake yi wa diski. Na farko kauri. Na raba shi gida takwas da alli, na auna kowane wuri da maikuromita, kamar milimita 10 daga baki don a kauce wa leɓen da ke tasowa a gefe. Tsakanin inda ya fi kauri da inda ya fi siranta, na hagu ya bambanta da 0.04 na milimita, na dama 0.025. Gashin kai ɗaya ya fi wannan kauri, amma bambancin da ya kai 0.02 direba zai ji shi a hannu. Na biyu layi, wato yadda diski ke kaɗawa ciki da waje in yana juyawa. Ana mayar da bolt biyar ɗin da washa a matse diski kamar taya na kai, a kafa agogon awo mai maganaɗisu a jikin ƙafa, bakinsa ya taɓa fuskar diski, a juya a hankali ana kallon allura. Abin da ake so kada ya wuce 0.05. Hagu ta ba da 0.13, dama 0.09.

Sai muka kwance ɗan sukurun da ke riƙe diski, muka cire shi. Fuskar hob duk ɓawon tsatsa ne, ja-ja, wani wuri ya taru wani wuri ya ɓare. A bayan diskin ga hoton tsatsar ya fito kamar tambari. Wanda ya ɗaura shi wata huɗu da suka wuce a kan wannan dattin ya ɗora sabon ƙarfe ya ɗaure. Motocin tokumbo da suka fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, da tsatsarsu suke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Iskar teku da ruwan da ke kwanciya a titin Lekki zuwa Epe su ƙarasa sauran.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma shi ne amsar tambayar Alhaji ta me ya sa motar ke lafiya wata guda ta sake. Ɗan ɓawon da ya tokare diski a tsakiya, kafin a kai bakin diski karkatar ta ninku, don nisan ya fi. Ranar da aka ɗaura ba a jin komai, saboda kaurin diski ɗaya ne ko'ina, kalifa kuma tana zamewa ta bi shi. Amma duk juyi ɗaya, wurin da ya fi fitowa yana shafar fad ko ba a taka birki ba. Taya tana juyawa sama da sau 400 a kilomita ɗaya. Bayan kilomita dubu biyu ko uku wannan wurin ya sirance, ko kuma garin fad ya manne masa ya yi tudu. Yanzu in aka taka birki, fad ya bi kauri da siranta, fistin ya riƙa shiga yana fita, man birki ya kai bugun har feda, ƙafar motar ta kai shi sitiyari. Abin da ake cewa "diski ya lanƙwashe" mafi yawan lokuta wannan ne. Ba zafi ne ya murɗe ƙarfe ba, tun farko ba a zaunar da shi daidai ba.

Muka goge hob da burushin waya a jikin dril, muka bi da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, musamman kewayen ramukan bolt da wuyan tsakiya. Na sake kafa agogo a kan hob ɗin kansa, 0.02 duka biyun. Da ya wuce haka bayan gogewa, to hob ne ya bugu a rami, sai an canza shi da boris ɗinsa, in ba haka ba ko diskin zinariya aka sa zai bi sahun na baya.

Direban ya tambaya ko a kai diskin a kankare a injin. Ana yi, kuma ba laifi ba ne in akwai nama. Kowane diski an buga masa iyakar sirantarsa a gefe ko a wuya, bayan haruffan MIN TH. Tsakanin sabo da iyakar nan milimita biyu ne zuwa uku kacal. In bayan kankara zai sauka ƙasa da lambar, ya zama na 'yan gwangwan. Na hagu ya yi tabo shuɗi-shuɗi na ƙuna, da ƙananan tsaga kamar ƙasar fadama a rani. Inda ƙarfe ya ƙone haka yakan taurare fiye da kewayensa, ko an kankare tudun zai sake fitowa. Muka yanke canza biyun. Diski da fad ba a canza ƙafa ɗaya, sai dama da hagu tare.

Na kira Alhaji na karanta masa lissafi. Ya yi shiru, ya ce, "Malam, wancan karon rabin wannan na biya." Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ya sa yau kake biya karo na uku." Ya yi dariya ya ce a yi.

Washegari na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo da tsohon diski da tsohon fad a buhu, da lambar shasi a rubuce, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba. Cewa "ML350 2013" kawai ba ya isa. Wannan ƙirar, wadda ake kira W166, akwai mai diskin gaba milimita 330, akwai mai 350, kuma fad ɗinsu ba ɗaya ba ne. Tamu 330 ce, kaurinsa sabo 32. A Ladipo kowane kaya hawa-hawa ne, kuma kwali ba shaida ba ne, don ana buga kwalin kowane kamfani. Abin da nake dubawa a fad: bayan ƙarfen ya kasance da lambar 90R da harafin E cikin da'ira, alamar ya cika ƙa'idar Turai ta kayan birki, inda aka manna abin gogawar da ƙarfe ya zauna tsaf ba gam da ya tsiyayo, faranti siririn da ke hana ƙara ya kasance a manne. Ita ma lambar ana kwaikwayonta, saboda haka na fi dogara da shagon da ke ba da rasit ya kuma karɓi kaya in an dawo da shi. Diski kuwa na ɗaga shi a hannu in gwada da tsohon, in leƙa ramukan iska da ke tsakiya. Na jabu fatunsa biyu sirara ne, ramin ya yi faɗi, kaurin waje ya cika amma ƙarfen da zai haɗiye zafi ba shi. Fad na tokumbo kuwa ban ga dalilin sayen sa ba ko da kyauta ne, ya riga ya ci daidai da diskin wata motar. Na haɗa da robobin fil, sababbin fil biyu, wayoyin gargaɗi, giris na silikon, da man birki lita ɗaya a rufe da hatiminsa.

Ɗaurawa ba ta da wani sirri sai tsabta da bin tsari. Sabon diski in ya zo da maiƙon hana tsatsa a wanke shi da feshin wanke birki, ba da fetur ba, fetur na barin maiƙo. Ya zauna a kan hob ƙarfe da ƙarfe, a matse, a sake kafa agogo kafin a mayar da komai. Hagu ta ba da 0.03. Dama ta ba da 0.06, na cire na juya shi rami biyu gaba na mayar, ta sauko 0.03. Minti biyar ne wannan, amma su ne ke raba aikin wata guda da na shekaru. Lokacin tura fistin baya na maƙale tiyo da abin matsewa mai laushi, na buɗe nifil, tsohon man da ya dahu a kalifa ya fita cikin kwalba maimakon a tura shi sama cikin akwatin ABS mai ƙananan hanyoyi. Kada a bar kalifa tana lilo a jikin tiyo, a rataye ta da waya. Hanyar da kunnuwan fad ke zama a goge ta har fad ya zame da yatsa. In sai an buga shi da guduma ya shiga, haka zai maƙale.

Baya ne inda ake yi wa irin waɗannan motoci ɓarna. Fad ɗinta na baya saura milimita 4, muka ce a canza gaba ɗaya. Birkin hannunta na lantarki ne, ɗan moto ne a bayan kowace kalifa da ke tura fistin da sukuru. Wanda ya saba da tsofaffin motoci zai kawo ƙarfe ya danna fistin da ƙarfi, ko ya kama murɗa shi, ya fasa giyar cikin moton, aikin fad ya koma sayen kalifa. Dole a fara janye moton. Ana yi da kwamfuta, ana kuma yi daga sitiyari: a saki birkin hannu, makulli a mataki na ɗaya, allon dashbod yana nuna kilomita, a danne maɓallin amsa waya da na OK tare na 'yan daƙiƙu har jerin aikin gareji ya fito, a zaɓi na canza fad. Za ka ji motocin biyu suna kuka a baya har su tsaya. Sannan fistin ya shiga miƙe da ɗan matsi. In an gama a koma wurin a rufe. Af, wanda kuma aka kawo masa E-Class ta 2002 zuwa 2006 mai birkin SBC, wannan wata duniya ce. Famfon lantarki ke ba ta matsi, buɗe ƙofa kaɗai na iya tada shi fistin ya fito hannunka na ciki. Ba a taɓa ta sai an kashe tsarin.

Saura laushin feda. Man da ke tanki ya koma kalar shayi. Na tsoma alƙalamin gwajin ruwa, ya haska har fitila ta ƙarshe, kashi 4 cikin ɗari. Man birki yana zuƙar ruwa daga iska, ta murfin tanki da ta jikin tiyo, kuma iskar Legas jiƙe take rani da damina. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230. In ya sha ruwa kashi 3.7 ƙa'ida ta yarda ya sauko har 155. To haɗa wannan da kalifar da ke riƙe, cikin gosulon Oshodi inda ba iskar da ke ratsa taya, zafin diski yana tsima kalifa a hankali. Man ya fara kumfa, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, sai feda ta nutse. In mota ta huce ta dawo daidai, shi ya sa duk makaniken da ya gwada ta da safe yake cewa lafiyarta ƙalau. Mercedes ta ce a canza man duk shekara biyu, da DOT 4 Plus mai lambar amincewa 331.0. Direban ya ce tun da aka sayo motar ciko kawai ake yi. Ciko ma kuskure ne in ba yoyo: man na sauka ne saboda fad na cinyewa, in an sa sabo zai hau da kansa. DOT 5 kuma na silikon ne, ba ya haɗuwa da wannan sam, kada kamar lambar ta ruɗi mutum.

Muka zuƙe tsohon daga tanki da sirinji, muka cika da sabo, muka ɗaura tulun matsi a bakin tankin. Na fi son sa a kan a sa yaro yana taka feda har ƙasa, don a tsohuwar masta, famfon da feda ke turawa, robar kan shiga inda ba ta taɓa zuwa ba ta yage. Ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. A kowacce a bari ya gudana ta farin tiyo har kalar ta washe kumfa ta ɗauke, kamar rubu'in lita. Ido na kan tanki, in ya ƙafe iska ta shiga akwatin ABS sai an kawo kwamfuta ta buɗe bawul-bawul ɗinsa. Inda mai ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take, ci yake yi.

Fitilar ABS ba ta da alaƙa da duk wannan. Kwamfuta ta nuna ƙarancin wuta a wurare da yawa. Batirin yana ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, inda ba mai tunawa da shi. Bayan kwana ɗaya a ajiye ya ba da wutar volt 11.9, lafiyayye 12.6 yake bayarwa. In aka tada mota wutar ta faɗi, akwatin ABS ya yi ƙorafi. Muka canza shi, muka kuma wanke soket ɗin sensar taya ta baya hagu da ruwa ya sa ya yi kore. Na san inda aka sayar wa mutum akwatin ABS sukutum a kan irin wannan.

Taya ta koma, bolt da hannu tukuna, sannan sifana mai ma'auni a 150, ana tsallakawa kamar zanen tauraro. Kafin a sa giya a taka feda har ta yi tauri. Wanda ya manta wannan, takun farko ba birki, bangon gareji ne zai tsayar da shi.

Sabon fad da sabon diski sai an saba musu da juna. Muka koma titin Ibadan da sassafe kafin motoci su cika. Daga gudun 60 a taka matsakaici zuwa 10, a saki a sake hawa, sau goma, ba a tsayawa cak. Sannan minti goma ana tafiya ba a taɓa birki ba don su huce. Abin da ake nema shi ne garin fad ya shimfiɗu siriri daidai a fuskar diski. Ma'aunin zafi ya ba da digiri 140 da 146 a diskin gaba biyu.

Na zaunar da direban kafin ya tafi, don rabin rayuwar birki a ƙafarsa take. Kilomita 300 na farko ban da taka mai ƙarfi sai dole. In ya sauko daga gada da gudu ya faɗa gosulo, kada ya danne feda a wuri ɗaya, kada kuma ya sa HOLD, tsarin da ke riƙe birki ko an ɗaga ƙafa, don yana manna fad mai zafi a diski ya bar hotonsa. Ya bar tazara ya riƙa gangarawa kaɗan-kaɗan, in tsayuwar ta yi tsawo ya sa P. Kada a watsa wa taya ruwa a wurin wanki yana isowa, a ba ta minti ashirin. In ya ratsa ruwan Lekki, yana fita ya ɗan riƙa taɓa birki yana tafiya har ya bushe, kada ya faka ta jiƙe ta kwana uku. In an je faci ya tsaya a kansu.

Bayan sati biyar ya dawo da ita, ta yi kilomita 1,900, ta wuce satuttukan da ciwon ya saba dawowa. Agogo ya ba da 0.03 a duka biyun, kauri bai bambanta ba, fad ya ci daidai ciki da waje, fil suna zamewa da yatsa. Abin da ya rage bushin ɗin, wato robar hannun ƙafar gaba ta hagu, ne da na ga ya fara tsagewa tun ranar farko. Bai kai ga rawa ba tukuna, amma in ya saki, ɗan bugun da ba a ji yanzu zai riƙa kai shi sitiyari. Alhaji ya ce a bari sai bayan Sallah. Na rubuta shi a katin motar, ƙarƙashin watan da za a sake canza man birki.